Yaran da Suka Gana da Halifa Ma'amun

A shekarar 2005, lokacin da sunan Bagadaza ba ya fitowa a talabijin ɗin Amurka sai tare da hayaƙi da motocin yaƙi, wata marubuciyar littattafan yara mai suna Mary Pope Osborne ta fitar da wani ɗan littafi da ya shigar da yaran ƙasarta wannan birni ta wata ƙofa daban. A cikin labarin, wani yaro Jack da ƙanwarsa Annie sun bar garinsu a jihar Pensilbaniya suka tsinci kansu a tsakiyar hamada, kimanin shekara 1,200 baya. Suka ci karo da ayarin fatake, madugun ayarin, wani mutum mai fara'a da ake kira Mamun, ya ɗora su a kan raƙuma suka kama hanya tare. Da 'yan fashi suka tare su, sai ya danƙa wa yaran wani ɗan akwati ya ce su gudu da shi. Guguwar rairayi ta taso, aka rabu, da ƙyar suka kai birni. A can ne asiri ya tonu. Abin da ke cikin akwatin littafi ne na rubuce-rubucen Aristotal, masanin Girkawa, madugun kuwa ba kowa ba ne illa halifa da kansa, Abdullahi Ma'amun ɗan Haruna Rashid, wanda ya fita nemo littafin don ya kai shi Baitul Hikma, gidan ilimi na Bagadaza.

Wannan littafi ɗaya ne daga jerin da ake kira Magic Tree House, wanda Osborne ta fara a 1992 kuma har ya wuce littattafai hamsin. An sayar da fiye da kwafi miliyan 100, an fassara shi zuwa harsuna sama da 30, kuma masu karatu da Faransanci sun san yaran biyu da sunan Tom da Léa. Tsarin labarin ba shi da wuya. Yaran sun gano wani ɗan ɗaki na katako a saman wata doguwar bishiya, cike da littattafai. Duk wanda ya buɗe littafi ya nuna hoto ya ce yana son zuwa wurin, sai iska ta taso, ɗakin ya yi ta juyawa, ya sauke shi a wannan wuri da wannan zamani. In sun dawo gida sukan tarar ko minti ɗaya bai wuce ba. Mai ɗakin wata mata ce, Morgan le Fay, wadda aka aro daga tsofaffin hikayoyin Sarki Arthur na Birtaniya, daga baya kuma boka Merlin na waɗannan hikayoyi ya shigo yana aiken yaran. Ke nan mutanen adabi ne ke tura su wajen mutanen tarihi: Shakespeare da Dickens, Leonardo da Vinci da Mozart, Abraham Lincoln da Florence Nightingale, har da Pele a gasar cin kofin duniya ta 1970 a Meziko. Ra'ayina shi ne irin wannan littafi yana yi wa yaro wani aiki da littafin tarihi na aji ba kasafai yake iya yi ba, wato ya nuna masa cewa mutanen da suka shuɗe sun rayu ne ba tare da sanin yadda al'amarinsu zai ƙare ba, kamar yadda mu ma ba mu san namu ba. Da wannan ma'auni ya kamata a auna shi. Kuma da aka auna, akwai inda ya ci, akwai inda ya faɗi.

Osborne ba ita ta ƙago hanyar ba. Mark Twain ya jefa wani Ba'amurke fadar Sarki Arthur a 1889, H. G. Wells ya fitar da labarin na'urar ratsa zamani a 1895, amma duka biyun don manya aka yi su. Wadda ta mayar da abin na yara ita ce Edith Nesbit ta Ingila, a littafinta The Story of the Amulet na 1906. Yara huɗu 'yan gida ɗaya suka sayi rabin wata tsohuwar laya a wani shago a Landan, suka yi ta shiga zamunnan da suka wuce suna neman ɗaya rabin: Masar ta Fir'aunoni, Babila, har sansanin Julius Caesar kafin ya haye teku zuwa Birtaniya. Nesbit ba ta yi aikin da ka ba, domin ta nemi shawarar Wallis Budge, masanin tarihin Masar a gidan adana kayan tarihi na Birtaniya, kuma shi ta sadaukar wa littafin. Wurin da ya fi ƙarfi a littafin nata shi ne inda tafiyar ta juya, sarauniyar Babila ta biyo yaran zuwa Landan ta zamaninsu. Ta shiga gidan tarihi ta ga kayan adonta a cikin gilashi ta ce a ba ta abinta, sannan ta ga talakawan birnin, ta ɗauka bayi ne, ta yi mamakin yadda iyayen gijinsu suka bar su cikin wannan wahala. Nesbit na cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar Fabian mai ra'ayin gurguzu a 1884, don haka ta san abin da take nufi. Yaron Ingila na 1906 an raine shi a kan cewa ƙasarsa ita ce ƙarshen wayewa, sai ga wata mata daga shekaru dubbai da suka wuce tana kallon titin gidansu da tausayi. Tun daga nan aka gane cewa ratsa zamani dabara ce ta girgiza abin da yaro ya ɗauka tabbas ne.

Dabarar da Osborne ta fi yawan amfani da ita kuwa ita ce ɓoye suna. Yaran sukan haɗu da mutum su saba da shi, su ci abinci tare, su taya shi aiki, sai can daga baya su san ko wane ne. A Landan ta 1600 sun haɗu da wani mai shirya wasan kwaikwayo da kowa ke kira Will, yana cikin damuwa don 'yan wasansa biyu ba su zo ba ga jama'a sun cika dandali. Ya roƙe su su hau dandamali, Annie ta yi shigar namiji saboda a lokacin mata ba sa fitowa wasa a Ingila, Jack kuma gabansa ya yi ta faɗuwa. Sai a ƙarshe suka san Shakespeare ne. A New Orleans ta 1915 sun tarar da wani yaro baƙar fata ɗan shekara 14 yana dakon gawayi da wanke kwanuka don ya taimaki gidansu, ba ya ma tunanin busa ƙaho zai zama sana'arsa, alhali shi ne Louis Armstrong da duniya za ta sani. A wani littafin sun haɗu da wani yaro matalauci a dajin Indiyana, uwarsa ta rasu, aikin gida ya yi masa yawa, kuma shi ne zai zama Shugaba Lincoln a 1861. Me ya sa wannan dabara ta dace? Domin tarihin da ake koya wa yaro a aji daga ƙarshe yake farawa. Ana gaya masa wane babban mutum ne, ga shekarar haihuwarsa, ga abin da ya yi, ga ranar rasuwarsa, sai yaron ya ɗauka girman nan tare da mutumin aka haife shi, kamar tsawo ko launin fata. Wanda ya ɗauki tarihi haka ba zai taɓa jin yana da alaƙa da shi ba, kuma ba zai fahimci dalilin da ya sa mutanen da suka yi kuskuren da muke gani ƙarara a yau ba. In kuwa ya fara sanin Will mai neman 'yan wasa cikin gaggawa kafin ya san Shakespeare, ya riga ya koyi babban darasi ba tare da an furta masa ba: a ranar da abin ke faruwa babu wanda ya san zai shiga littafi. Masana tarihi suna shan wahala kafin su cusa wannan fahimta a kan ɗaliban jami'a, ga shi an ba ɗan shekara bakwai a cikin babi goma gajeru.

Ga yaran da suka ɗan tasa, Susan Cooper ta kai dabarar inda ta fi zurfi a littafinta King of Shadows na 1999. Wani maraya Ba'amurke, Nat Field, ya je Landan da ƙungiyar yara 'yan wasa don su yi wasa a sabon dandalin Globe da aka sake ginawa aka buɗe a 1997. Zazzaɓi ya kama shi, ya farka a 1599, a hannun Shakespeare da kansa. Cooper ta ɗora labarin a kan wata gaskiya mai ciwo, domin Hamnet, ɗan Shakespeare namiji tilo, ya rasu a 1596 yana da shekara 11. Sai ga yaron da ya rasa uba ya haɗu da uban da ya rasa ɗa, kowa na ganin nasa rashin a fuskar ɗan'uwansa. Ba a ɓoye ƙazantar birnin ba, ko tsoron annoba, ko zaluncin da ake yi wa dabbobi don nishaɗi. Yaron da ya gama wannan littafi, in aka miƙa masa wasan Shakespeare a makaranta, zai karɓe shi kamar saƙon wani da ya sani.

To amma akwai masu ja, kuma hujjarsu ta farko tana da nauyi. Suna cewa waɗannan mutane na gaske ne, sun rayu, suna da haƙƙi, ta yaya za a sa musu maganar da ba su faɗa ba a kuma miƙa wa yaron da bai iya rarrabe aya da tsakuwa ba? Amsar tana buƙatar a raba ƙirƙira gida biyu. Akwai wadda yaro ke gani da idonsa. Babu ɗan shekara bakwai da zai gaskata cewa ɗakin katako na tashi sama, ko cewa yara biyu daga Amurka sun zauna da halifa. Ya san wasa ne, kamar yadda ya san Gizo ba ya magana. Osborne ma ta yi ƙoƙarin shata iyaka a kan shafin kansa: Jack kullum yana riƙe da littafin bincike game da wurin da suka je, in ya tsaya ya karanta, ana buga abin da ya karanta da baƙin rubutu mai kauri, dabam da sauran labarin, sannan ya ɗauko ɗan littafinsa ya rubuta abin da ya fahimta a taƙaice. Yaro yana ganin bayanin gaskiya da kamanninsa, ƙage da nasa kamanni. Tun daga shekarar 2000 kuma ta fara fitar da wasu littattafai na rakiya, ita da mijinta Will Osborne da 'yar'uwarta Natalie Pope Boyce, waɗanda babu ƙage a cikinsu sam, bayani ne zalla a kan zamanin da labarin ya taɓo. Ƙirƙira ta biyu ita ce mai hatsari, wadda ke sanye da rigar gaskiya. A labarin Shakespeare an kawo Sarauniya Elizabeth cikin masu kallo a dandalin, alhali abin da aka sani shi ne 'yan wasa ake kira fada su yi mata wasa. Yaro ba shi da hanyar gane cewa wannan ƙari ne, tunda babu aljani ko tsafi a ciki da zai sa ya yi shakka.

Wannan ƙarami ne. Babba shi ne abin da aka yi wa Charles Dickens a littafin 2010. Jack da Annie sun shiga gidansa da shigar yara masu share bututun hayaƙi, suka same shi ya karaya har yana cewa zai daina rubutu, sai suka kaɗa wani goge na tsafi, fatalwa uku suka bayyana suka nuna masa jiya da yau da gobe, daga nan ya sami ƙarfin guiwa da dabarar rubuta shahararren labarinsa na Kirsimeti. Fatalwa ba matsala ba ce, yaro ya san ƙage ce. Matsalar ita ce an canja dalili. Abin da ya faru a zahiri ya fi wannan daraja nesa ba kusa ba. A 1824 an ɗaure mahaifin Dickens a kurkukun Marshalsea saboda bashi, aka tura yaron, yana ɗan shekara 12, masana'antar man goge takalmi yana liƙa takarda a jikin kwalabe daga safe zuwa dare. Abin ya yi masa ciwon da ya ɓoye shi har ga 'ya'yansa, duniya ba ta sani ba sai bayan rasuwarsa a 1870, da abokinsa John Forster ya rubuta tarihinsa. A 1843 ya karanta rahoton wani kwamitin gwamnati a kan yaran da ke aiki a masana'antu, ya ziyarci wata makarantar 'ya'yan matalauta a Landan, ransa ya ɓaci ƙwarai. Da farko ya yi niyyar rubuta ƙasida ta zargi, sai ya ga labari zai fi shiga zuciya. Ga kuma matsin kuɗi, don littafin da yake fitarwa a lokacin ba ya tafiya a kasuwa. Cikin kamar mako shida ya gama, aka buga ranar 19 ga Disamba, kwafi 6,000 na farko suka ƙare kafin Kirsimeti. Littafin Osborne ya taɓo wahalar yarintar Dickens da talaucin Landan, wannan a yaba mata. Amma da ta mayar da baƙi biyu daga wani zamani su ne suka ceto shi, ta ƙwace wa mutumin abin da ya fi zama nasa, wato yadda ya juya baƙin cikinsa da fushinsa suka zama aiki. Wannan aibi ne da ke bin irin waɗannan littattafai gaba ɗaya. Marubuci yana son jarumansa yara su yi wani abu mai muhimmanci, hanya mafi sauƙi kuma ita ce a sa su zama sanadin abin da tarihi ya riga ya rubuta. Nesbit ma ta yi hakan, inda surutun yaran ne ya sa Caesar sha'awar mamaye Birtaniya. Yaro yana jin daɗi, amma darasin da ya tafi da shi gurgu ne, cewa manyan ayyuka daga sa'a da taimakon gaibu suke fitowa. Littafin ya fi gaskiya a duk inda yaran suka kasance shaidu da 'yan taya aiki, suka bar mai abu da abinsa.

Hujja ta biyu ita ce ana wanke mutanen tarihi fiye da kima, kuma a nan mai karatu Bahaushe ya fi yaron Amurka sanin abin da aka tsallake. Ma'amun na littafin mutum ne mai taushin hali, mai son ilimi, mai haƙuri da yara. Ba ƙarya ba ne cewa ya so ilimi. Ya yi mulki daga 813 zuwa 833, a zamaninsa fassarar littattafan Girkawa zuwa Larabci ta bunƙasa, Alkhawarizmi ya rubuta littafinsa na aljabara a ƙarƙashin inuwarsa, kuma ya sa an auna girman duniya. Amma duk wanda ya zauna gaban malami ya san ɗaya fuskar. Ya hau mulki ne bayan yaƙin basasa da ɗan'uwansa Amin, aka yi wa Bagadaza ƙawanya har aka kashe Amin a 813. Kuma a shekarar da zai rasu shi ne ya buɗe fitinar tilasta wa malamai su ce Alƙur'ani halitta ne, aka kamo Imam Ahmad ɗan Hambali cikin mari za a kai masa, sai halifan ya rasu kafin su iso, aka ci gaba da tsare Imam da dukansa a zamanin Mu'utasim. Babu ko ɗaya daga wannan a littafin yaran. Shin wannan ha'inci ne? A ganina a'a, muddin an kiyaye bambanci tsakanin barin abu da juya shi. Littafi mai shafi ɗari na ɗan aji biyu ba zai ɗauki muhawarar halittar Alƙur'ani ba, kuma babu malamin kirki da ke fara koya wa yaro tarihin kowace al'umma daga mafi munin shafinta. Ɗanɗano ne irin wanda mai kilishi ke gutsura wa mai wucewa, ba a ce shi ne abincin dare ba. Abin da littafin ya zaɓa ya faɗa gaskiya ne, kuma gaskiya ce da yaron Amurka na 2005 ke matuƙar buƙata: birnin da sojojin ƙasarsa ke ciki ya taɓa zama cibiyar ilimin duniya, Musulmi ne suka adana suka kuma faɗaɗa abin da Turai ta gada daga baya. Da an nuna Ma'amun yana kare 'yancin malamai su saɓa masa, to da an juya tarihi, kuma da wannan ya zama laifi. Sauran aikin yana wuyan babba. Yaron da ya riga ya san sunan Ma'amun yana da inda zai rataya labarin Imam Ahmad ranar da ya ji shi, kuma zai fi jin nauyinsa, tunda mutumin da ya yi wannan aika-aika shi ne wanda ya taɓa so.

Hujja ta uku daga iyaye masu kishin addini take fitowa, a Amurka da wajenta, cewa littattafan cike suke da boka da tsafi. Ba zan raina wannan damuwa ba, kuma uba yana da ikon zaɓar abin da ɗansa zai karanta. Sai dai a duba aikin da tsafin ke yi a labarin. Abin hawa ne kawai, da zarar ya sauke yaran sai ya koma gefe, abin da ke fitar da su daga matsala galibi karatu ne da tambaya da kyautata wa baƙo. Adabinmu ma bai taɓa ƙyamar haɗa tarihi da abin al'ajabi ba. Gandoki na Bello Kagara, wanda ya fito a 1934, ya fara ne da yaƙe-yaƙen gaske na zuwan Turawa a Kwantagora da Bida, sannan ya wuce da jaruminsa duniyar aljanu, ya dawo da shi gida ya tarar zamani ya canja. An karanta shi a makarantu shekara da shekaru, ba a ji ya ɓata aƙidar kowa ba. Halifa mai ɓad da kama ya fita da shigar fatake kuwa mun san shi tun a Dare Dubu da Ɗaya, inda ake ba da irin wannan labari a kan Haruna Rashid. Har malaman da ma sun san daɗin haɗa mutanen da zamani ya raba, domin Ibn Nadim ya kawo a littafinsa Alfihrist cewa Ma'amun ya ga Aristotal a mafarki ya yi masa tambayoyi, kuma wannan na cikin abin da ya sa ya aika ƙasar Rum a nemo littattafai.

Akwai wata tawaya da ta fi damuna a kan duk waɗannan, ita ce tarihin wa ake ziyarta. In yaran suka je Ingila sukan gana da marubuci, a Italiya mai zane, a Japan mawaƙi Basho. Amma a littattafan farko da suka kai su Afirka kudu da Sahara, abin da suka tarar zakuna ne da gwaggon biri da wani jarumin Masai da ba a ko ba shi suna ba. Yaron da ya karanta waɗannan zai fita da hoton da aka daɗe ana zana wa nahiyar, cewa wasu wurare suna da mutane masu suna da tarihi, Afirka kuwa namun daji take da su. Ba na ganin amfanin tsayawa zargin Osborne, ta rubuta wa yaran ƙasarta ne daga abin da ta sani. Abin lura shi ne dabarar kanta ba mallakar kowa ba ce, kuma kayan aikinta suna nan jibge a tarihinmu. Nana Asma'u tana da kimanin shekara 11 lokacin hijirar Shehu daga Ɗagel zuwa Gudu a 1804, wato sa'ar masu karatun ce, yarinya cikin ayarin masu gudun hijira wadda ba wanda ya san za ta rubuta waƙoƙi da Fulatanci da Hausa da Larabci, ta kuma kafa tsarin 'Yan Taru na koyar da mata. Akwai Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da aka kama bawa aka 'yanta, ya bi Heinrich Barth har Timbuktu, ya isa Landan a 1855, ya kuma ba da labarin abin da ya gani da bakinsa, J. F. Schön ya rubuta shi da Hausa. Akwai zaman Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da Clapperton a Sakkwato a 1824, da kasuwar Kurmi da marinar Kano yadda Barth ya gan su a 1851.

Marubucin da zai ɗauki wannan aiki da Hausa zai gamu da wahalar da Osborne ba ta gamu da ita ba. Ba'amurke zai iya sa Lincoln ya yi kuka ko ya yi wauta ba wanda zai ce uffan, amma Shehu da iyalansa mutane ne da ake ambata da addu'a, jikokinsu suna raye suna riƙe da sarauta, kuma sa musu magana a baki abu ne da jama'a ba za su ɗauka da sauƙi ba, suna da gaskiya kuwa. Wannan takura tana iya zama alheri, domin tana hana shi kuskuren da aka yi wa Dickens. Ba zai iya sa yaransa su koya wa Nana Asma'u waƙa ko su ba Bello shawarar yaƙi ba. Dole ya tsayar da su a matsayin baƙi masu kallo, suna ɗebo ruwa, suna riƙe akalar raƙumi, suna hira da mai wanke allo da mai dakan gero, babban mutumin kuma ya bayyana jefi-jefi yana faɗin abin da ya dace da abin da ya rubuta da hannunsa. Zai kuma fuskanci tambayar da labarin Ma'amun ya tayar, a wannan karo a kan nasa mutanen: yaran za su ratsa kasuwar Kano ta 1851, kuma a kasuwar akwai rumfar da ake sayar da bayi, Dorugu kansa ta hannun masu wannan ciniki ya bi. Marubucin zai iya rage bayani gwargwadon shekarun mai karatu, amma in ya ratsa da yaran ta wannan layi ya nuna musu rumfar babu kowa, ya tashi daga barin abu ya koma juya shi.